Shekarar Da Zaitun Ya Ƙi: Labarin Sanyin 1956 A Kudancin Faransa

Mai karatu, da yawanmu ba mu taɓa ganin itacen zaitun da idonmu ba. Sunansa dai mun san shi tun muna makarantar allo, mun kuma san 'yar kwalbar mansa da ake saye a shagunan maganin Musulunci, a shafa wa yaro a jiki ko a sha cokali guda da safe. Amma yadda ake tsinkar 'ya'yan, da yadda ake matse man, da irin halin da manomi ke shiga idan shekara ta ƙi, wannan kam sai dai mu ji a labari. To labarin ne na kawo mana yau. Na zaɓi shekara ɗaya, wato 1956, da wuri ɗaya, wato yankin Provence da maƙwabcinsa Languedoc a kudancin Faransa, can bakin Bahar Rum. Dalilina kuwa shi ne, a wannan shekara mutanen yankin sun gamu da tambayar da kowane manomi kan gamu da ita wata rana: idan abin da ka gada ya faɗi ƙasa, za ka tsaya ka tashe shi ne, ko kuwa za ka kama wani abin?

YADDA AKE YI A SHEKARAR ALBARKA

Kafin mu kai ga shekarar tsiya, bari mu ga yadda aikin yake idan komai ya tafi daidai. Zaitun yana fure ne daga watan Mayu zuwa farkon Yuni. 'Ya'yan su yi ta girma a watannin zafi, su soma da kore, su yi ja-ja, su ƙare da baƙi. Kakarsa tana kamawa daga Nuwamba zuwa Janairu, wato a tsakiyar hunturu. A wajen birnin Nice, inda itatuwan ke da tsawo ƙwarai, da dogayen gora ake kaɗo 'ya'yan su zubo kan mayafan da aka shimfiɗa a ƙasa. A sauran Provence kuwa, inda ake datse itatuwan don kada su yi sama da yawa, da hannu ake tsinka. Gida guda ne ke fita, uba da uwa da 'ya'ya har da kakanni, kowa da kwandonsa a rataye, ga wani tsani mai ƙafa uku da ake kafawa a gefen itace ba sai an jingina shi ba. Yatsu na ƙagewa don sanyi, shi ya sa ake hura wuta a bakin gona a riƙa zuwa ana ɗumama hannu.

Daga gona sai gidan matsa. A can akwai wani ƙaton dutse zagayayye da ke tsaye a kan gefensa, alfadari ko ƙarfin ruwa ke juya shi, daga baya kuma inji ya karɓa. Dutsen nan yana murƙushe 'ya'yan da ƙwallonsu gaba ɗaya har su zama ƙullu. Sai a ɗura ƙullun cikin wasu saƙaƙƙun fayafayai masu baki kamar hula, waɗanda Faransawa ke kira scourtin, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a sauko musu da matsi. Abin da ke tsiyayowa mai ne haɗe da wani baƙin ruwa mai ɗaci. A bar shi ya kwanta, man ya taso sama, a kwashe shi da faffaɗan ludayi. Wannan shi ne man farko, na ci. Daga nan a zuba ruwan zafi a sake matsawa, a sami mai daraja ta biyu, wanda galibi fitila da sabulu ake yi da shi. Kilo 5 zuwa 6 na zaitun ne kan ba da lita guda. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna matsar tunkuza zai gane aikin, sai dai shi zaitun ba a soya shi kafin a niƙa.

HALIN ITACEN

Akwai wasu halaye na wannan itace da sai mun san su za mu fahimci girman abin da ya faru. Na farko, ba ya haihuwa daidai kowace shekara. In ya cika bana, baɗi sai ya ɗan huta, don haka manomin zaitun ya saba da ƙarancin amfani, shekarar rashi ba baƙuwarsa ba ce. Na biyu, 'ya'yan suna fitowa ne a jikin ƙananan rassan da suka tsiro bara. Ke nan duk abin da ya kashe rassan bana ya kashe kakar baɗi tun ba ta zo ba. Na uku, itace ne mai jure ƙishi, yakan rayu a kan tsandauri da duwatsu inda alkama ba za ta yi ba, amma sanyi ne ajalinsa. Da zarar ma'auni ya sauka wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, ganye da ƙananan rassa sun fara jin jiki; idan ya wuce 12, to gangar jikin ma tana cikin haɗari. Na ƙarshe, ba ya gaggawa. Wanda ya dasa shi zai jira shekara biyar zuwa bakwai kafin ya ga 'ya'yan kirki, ya kuma jira fiye da goma kafin itacen ya kai ƙarfinsa. Amma fa gindinsa da saiwarsa suna da taurin rai, ko sama ta mutu ƙurmus yakan yi toho daga ƙasa.

DAREN 2 GA FABRAIRU

Janairun 1956 ya zo da ɗumi, har itatuwa suka ruɗu, ruwan jikinsu ya motsa kamar hunturu ya wuce. Kwatsam, a daren 1 ga Fabrairu wayewar 2, wata iska mai tsananin sanyi da ta taso daga wajen Siberiya ta ratso Turai ta gangaro kwarin kogin Rhône, iskar arewa da mutanen yankin ke kira mistral tana ingiza ta. Cikin kwana ɗaya ma'auni ya faɗo daga sama da sifiri zuwa can ƙasa da shi. Sanyin kuma ya yi zaman dirshan har kusan ƙarshen wata. A Marignane, kusa da birnin Marseille, an auna digiri 16.8 ƙasa da sifiri ranar 12 ga wata, a garuruwan da ke nesa da teku kuwa ya kai wajen 20. Masu kula da yanayi na Faransa sun lissafa Fabrairun 1956 a matsayin watan da ya fi kowane sanyi a ƙasar cikin ƙarni na 20.

Ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, duk wanda ya taɓa mance kwalba cike a firiza ya ga yadda take fashewa. Abin da ya sami zaitun ke nan. Ruwan da ya riga ya hau jikinsa ya daskare, ɓawo ya tsage, manyan rassa suka dare. Manoman da suka ga zamanin sun riƙa ba da labarin yadda suke kwance cikin dare suna jin ƙarar itatuwa na fashewa kamar ana harbi. Duk inda akwai sauran 'ya'ya a sama, su ma suka daskare, da suka narke sai suka yi lagwaɓ, man da aka samu daga irinsu kuwa ɗanɗanon jiƙaƙƙen katako yake yi. Da ɗumi ya dawo a Maris sai ɓarnar ta fito fili: ganye ya yi ja ya bushe, ɓawo ya rabu da jiki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan zaitun Faransa ne sanyin ya halaka.

Ba zaitun kaɗai ya taɓa ba, alkamar da aka shuka tun Oktoba da Nuwamba ita ma ta mutu a gonaki da yawa. To amma mai alkama ya sake shuka da ɗumi ya shigo, ya girbe wani abu a wannan shekarar. Mai zaitun kuwa ina zai sake shuka itacen da kakan kakansa ya dasa?

KAKAR DA BABU KAKA

Da Nuwamban 1956 ya kama, lokacin da aka saba jin hayaniya a gonaki, garuruwa da dama ko tsani ba a fitar ba. Inda aka dace da 'yan itatuwan da suka tsira, a bakin teku ko a jikin tudun da ya kare su daga iska, sai a bi su ɗaya-ɗaya ana tsintar abin da ya samu. A nan ne kuma wata matsalar ke ɓullowa, wadda ke bin kowace shekarar rashi. Zaitun ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Da an tsinke shi ya fara lalacewa, in ya kwana da yawa a tare sai ya yi zafi ya soma ruɓewa, man ya yi tsami. Shi kuma mai gidan matsa ba zai tayar da dutse don kwando biyu ba, sai an tara abin da zai cika fayafayai. Manomin da a da yake cika buhuna a yini guda, yanzu sai ya yi kwanaki yana tarawa, kafin ya kai na farkon ya riga ya gaji. Ga man kaɗan, ga shi kuma ba daɗi.

Mai gidan matsa shi ma abin ya shafe shi kai tsaye, domin ladansa daga yawan abin da aka kawo yake fitowa, ko da kuɗi ko da wani kaso na man. Shekara ɗaya babu aiki ana iya jurewa, amma kowa ya san wannan rashin zai kai shekara biyar ko fiye. Gidajen matsa masu yawa suka rufe, da dama daga cikinsu ba su sake buɗewa ba. Rufewar gida ɗaya kuwa na nufin manomin da ya rage sai ya yi tafiya mai nisa da ɗan abin da ya samu, wannan ma ya ƙara kashe masa gwiwa. Hatta masu saƙa fayafayan matsa sai da abin ya taɓa su. A garin Nyons akwai wata masaƙa da ke wannan aiki tun 1882. Da ciniki ya tsaya bayan sanyin, sai masu ita suka koma saƙa tabarmin bakin ƙofa da dardumar ɗaki da zaren ɓawon kwakwar da suka saba aiki da shi, da haka suka tsira.

Magani dai sananne ne tun zamanin kakanni. A ɗauko zarto da gatari a sare mataccen itacen daidai ƙasa, a bar kututturen. Toho zai fito da yawa a kewayensa, a bar shi ya yi ƙarfi, sannan a zaɓi uku ko huɗu masu kyau a cire sauran. Gwamnati ma ta ba da tallafi ga masu son farfaɗo da gonakinsu ko sake dashe. Abin da babu wanda zai iya ba manomi shi ne shekarun jira, yana nome gindin kututture yana kashe kuɗi, babu ko lita guda da ke shigowa.

AN TAƁA YIN HAKA A 1709

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaddara ce, sanyi ya zo ya kashe sana'a. To amma tarihi ya nuna ba wannan ne karon farko ba. A daren 5 ga Janairun 1709, zamanin Sarki Louis na 14, wani sanyin ya sauka wanda ya daskarar da koguna, ya kashe alkama a ƙasa, ya jawo yunwar da masana tarihi ke ƙiyasta ta ci rayuka kusan 600,000 a Faransa tsakanin 1709 da 1710. Zaitun Provence da Languedoc ya mutu kamar yadda ya yi a 1956. Amma mutanen wancan zamani suka sare, suka jira, suka sake dashe. Zuwa 1840 Faransa tana da itatuwan zaitun kimanin miliyan 26 a kan hekta 168,000, adadin da ba ta sake kaiwa ba.

Me ya sa na 1709 suka jira? Domin ba su da wani zaɓi. Man zaitun shi ne na girki, shi ne na fitila, shi ake sa wa ulu kafin a kaɗa, shi ne kuma na sabulu, don kuwa tun 1688 doka ta ce sabulun Marseille da tsantsar man zaitun za a yi shi. Tudun duwatsun nan kuma ba abin da zai ba su in ba shi ba. Komai tsawon jira, mai saye yana nan yana jira tare da su.

Kafin 1956 kuwa duniya ta canza. Tun daga shekarun 1840 jiragen ruwa suka soma sauke gyaɗar Senegal a Faransa, masana'antun Marseille da Bordeaux suna matse ta, ga riɗi da kwakwa da manja daga wasu ƙasashen. Man gyaɗa ya fi arha, masu sabulu suka koma wa waɗannan mayukan, matan birni ma suka saba da shi a kicin. Kananzir da lantarki suka kori fitilar mai. Ga kuma man zaitun mai rahusa da ke shigowa daga Tunisiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Faransa tun 1881. A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, domin daga shekarun 1930 gyaɗar ƙasar Maraɗi da Damagaram ta shiga sahu, ana kawo ta Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Legas, mafi yawanta kuwa Faransa ta nufa. Manomin Magarya bai san da zaman manomin Provence ba, shi ma bai san da nasa ba, amma kasuwa ɗaya ta haɗa su. A ɗaya gefen kuma ga inabi, wanda ke soma ba da amfani cikin shekara uku kuma ya fi kawo kuɗi, ya daɗe yana cinye filayen zaitun. Shi ya sa kafin sanyin ya zo, miliyan 26 ɗin nan sun riga sun dawo kimanin miliyan 8.

Ashe ke nan sanyin 1956 ya tarar da mara lafiya ne a kwance. Manomi ya dubi kututture, ya dubi farashin mai, ya dubi 'ya'yansa da masana'antun birni ke kira da albashin wata-wata, ya yi lissafi. Da yawa suka tumɓuke kututturan suka dasa inabi ko wasu itatuwan marmari. Wasu suka sayar da itacen a matsayin na wuta suka bar gonar ta zama daji. Ba za mu ga laifinsu ba, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma ba a ce wa mai iyali ya ciyar da su da haƙuri.

WAƊANDA SUKA TSAYA

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙi tashi. Mutanen Nyons, da ke can iyakar arewa ta inda zaitun ke iya rayuwa, suna da wani iri da ake kira tanche. Bayan sanyin suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, suka kuma fahimci cewa ba za su taɓa yin gasar arha da man gyaɗa ko man ƙasashen waje ba. Sai suka nemi doka ta kare sunan garinsu, yadda babu mai sayar da wani man da sunan Nyons. Kotu ta amince musu a 1968, sannan a 1994 suka zama na farko a Faransa da aka ba man zaitunsu cikakkiyar shaidar asali irin wadda ake ba cuku da ruwan inabi. Yankin Baux-de-Provence ya bi sahu a 1997. A daidai wannan lokaci binciken likitoci kan abincin mutanen Bahar Rum ya sa man zaitun ya sake daraja a idon duniya, aka dawo ana dashe. Sai dai shekara 38 ne tsakanin 1956 da 1994, wato da yawa cikin waɗanda suka riƙe zarto a wancan lokaci ba su ga ranar ba, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka ci gajiyar. Kuma har yanzu abin da Faransa ke matsewa bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na man zaitun da take sha ba.

Wanda ya je Provence a yau zai lura da wani abu a tsofaffin gonaki. Maimakon itace ɗaya mai kauri, zai ga siraran itatuwa uku ko huɗu sun yi da'ira, tsakiyarsu fili. Filin nan shi ne gurbin itacen da ya mutu a 1956, waɗanda ke kewaye kuwa tohonsa ne, saiwarsu ɗaya. Duk inda ka ga wannan da'ira, to wani ne ya yanke shawarar jira.

BA A GAMA BA

Shekarar rashi ba ta daina ziyartar zaitun ba. A Janairun 1985 sanyi ya sauka a yankin Tuscany na Italiya, birnin Florence ya ga digiri 23 ƙasa da sifiri, mafi yawan itatuwan cikin ƙasa suka ƙone, aka sake ɗauko zarto. A 2022 kuwa zafi ne da fari suka afka wa Sifen, wadda ta fi kowace ƙasa noman zaitun. Zafin watan Mayu ya ƙone fure, ruwa ya ƙi sauka, man da ta samu a kakar 2022 zuwa 2023 ya tsaya kimanin tan 665,000, ƙasa da rabin na shekarar da ta gabata. Farashi ya ninka fiye da sau biyu kafin farkon 2024, sai da damina ta gyaru ya sauko. Amma babu wanda ya yi maganar barin zaitun a Sifen, domin a wannan karon duniya na layi tana jiran man.

Ita ma gyaɗar da ta taimaka wajen ture zaitun ta gamu da tata shekarar. Farin 1973 da cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, wadda masana ke kira rosette, sun durƙusar da nomanta a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. A Nijeriya abin ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, ga kuma manoma sun daɗe suna kukan farashin da hukumar saye ke ba su. Noman gyaɗa ya dawo daga baya, amma dalar gyaɗa ta Kano da cinikin fitar da ita ba su dawo ba, alhali gyaɗa wata huɗu kacal take buƙata, ba shekara goma ba. Da Faransa da nan, fari ko sanyi shekara ɗaya ko biyu ya yi ya wuce. Abin da ya yanke hukunci shi ne ko manomi ya ga dalilin komawa gona bayan ya wuce. Wannan dalili kuwa ba manomi kaɗai ke samar da shi ba, da hannun mai saye da na hukuma a ciki.

In ka sake ɗaukar 'yar kwalbar nan ta man zaitun, mai karatu, ka duba bayanta ka ga daga wace ƙasa ta fito. Sai mun sake haɗuwa.